Michael Faraday: Ɗan Maƙerin Da Ya Fara Juya Waya Da Wutar Lantarki

Michael Faraday, masanin kimiyya ɗan ƙasar Ingila wanda ya rasu a shekarar 1867, shi ne mutum na farko da ya sa wutar lantarki ta juya wani abu, ya yi ta juyawa ba tsayawa. Abin da ya juya ɗin guntuwar waya ce kawai, wadda ya rataya a bisa wani ɗan kofi. Daga wannan waya aka samo asalin moto, wato injin da ke karɓar lantarki ya mai da shi juyi, wanda ke cikin fankar ɗaki, da firji, da famfon da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, da manyan injinan masana'antu. Bayan shekara goma kuma ya gano akasin haka, wato yadda motsi ke haifar da lantarki. Duk mai koyon aikin lantarki da ya kwance moto ya duba cikinsa, abubuwan nan biyu zai tarar suna aiki tare.

An haife shi ranar 22 ga Satumba, 1791, a Newington Butts, wata unguwa da ke kudu da kogin Thames wadda yanzu birnin Landan ya haɗiye. Mahaifinsa James maƙeri ne da ya taso daga arewacin Ingila neman aiki, ga shi ba ya da ƙoshin lafiya, saboda haka gidan bai rabu da rashi ba. Michael ne na uku cikin 'ya'ya huɗu. Iyayensa mabiya wata ƙaramar ɗariƙar Kirista ce da ake kira Sandemaniya, wadda ba ta yarda da tara dukiya da neman girma ba, kuma a kan wannan tarbiyya ya rayu har ƙarshen ransa. Abin da ya samu a makaranta bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba.

Yana da shekara 13 ya fara aikin aike a shagon George Riebau, mai sayar da littattafai da ɗinka su. A shekarar 1805 maigidan ya ɗauke shi ɗan koyo na shekara bakwai. Aikinsa ya ninka takarda, ya ɗinke, ya sa bango. Amma littafin da ya biyo ta hannunsa da wuya ya fita bai karanta shi ba, Riebau kuwa bai hana shi ba. A nan ya ci karo da bayanin lantarki a cikin kundin ilimi na Encyclopaedia Britannica, da littafin Jane Marcet na koyar da ilimin sinadarai ga masu farawa. Abin da ya bambanta shi da sauran masu son karatu shi ne ba ya gamsuwa da abin da littafi ya faɗa sai ya gwada da hannunsa. Ya taɓa haɗa batir da ƙananan kwabbai bakwai, da faya-fayen tutiya bakwai, da takardun da ya jiƙa da ruwan gishiri, batirin kuma ya yi aiki. Bai kamata a raina shekarun nan bakwai ba. Hannun da ya saba da allura da zare da manne shi ne daga baya ya riƙa naɗa waya a zoben ƙarfe.

A shekarar 1812 wani mai hulɗa da shagon, William Dance, ya ba shi tikitin shiga laccoci huɗu na Humphry Davy, wanda a lokacin babu masanin sinadarai da ya kai shi suna a Ingila. A cibiyar binciken kimiyya ta Royal Institution aka yi su. Faraday ya rubuta abin da ya ji, ya zana kayan gwajin, ya ɗinke shi littafi mai shafi kusan 300, ya aika wa Davy tare da roƙon aiki. Babu gurbi a lokacin. Sai a watan Maris na 1813, da aka kori wani mataimaki na ɗakin gwaje-gwaje saboda faɗa, aka kira shi ya maye gurbinsa. Wanke kwalabe da shirya kayan lacca su ne aikinsa na farko.

A watan Oktoba na wannan shekara Davy ya tafi da shi rangadin ƙasashen Turai na wata 18. Tafiyar ta haɗa daɗi da ɗaci. Ya ga Ampere a Paris, ya ga Volta, wanda ya ƙirƙiro batir, a Milan. Amma da yake baran Davy ya ƙi tafiya, sai hidimar bara ta faɗo a kan Faraday, matar Davy kuma ta riƙa ɗaukarsa bara, har ya yi tunanin ya bar su ya koma ɗinkin littattafai. Ya daure, suka dawo Landan a watan Afrilu na 1815.

A shekarar 1820 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, ya ba da labarin da ya girgiza masana. Ya lura cewa idan lantarki na gudana a cikin waya, allurar kamfas da ke kusa da ita takan karkace. Abin mamakin shi ne yadda take karkacewa. Duk ƙarfin da masana suka sani a lokacin, ko dai ya jawo abu kusa ko ya tura shi nesa, a kan layi miƙaƙƙe. Ita kuwa allurar Oersted gicciye wayar take yi. In an sa ta a bisa waya ta karkata wani gefe, in an mai da ita ƙasa ta karkata ɗaya gefen. William Wollaston, ɗaya daga cikin manyan masanan Ingila, ya yi zaton za a iya sa waya ta murɗa kanta in an kawo maganaɗisu kusa da ita. Shi da Davy sun gwada a watan Afrilu na 1821, abin bai yi ba.

A watan Yuni na wannan shekara Faraday ya auri Sarah Barnard, 'yar ɗariƙarsu, wadda suka zauna tare shekara 46 ba su samu haihuwa ba. A cikin watannin nan ne wani abokinsa, editan wata mujallar kimiyya, ya nemi ya rubuta masa tarihin abin da aka gano game da lantarki da maganaɗisu. Kamar yadda ya saba, sai da ya maimaita gwaje-gwajen mutane ɗaya bayan ɗaya kafin ya rubuta. Yana zagaya waya da ƙaramar allura yana duba inda take fuskanta, sai ya fahimci cewa ƙarfin da ke fitowa daga wayar kewaye ta yake yi, kamar zobe a yatsa. In haka ne, ya kamata kan maganaɗisu ya riƙa zagaya waya. In kuma maganaɗisun ne aka kafe, wayar ce za ta zagaya shi.

Ranar 3 ga Satumba, 1821, ya tabbatar da haka. Na'urar da ya kammala a kwanakin nan mai sauƙi ce. Ya kafa sandar maganaɗisu a tsaye cikin kofi, ya zuba zaiba har sai kan sandar kaɗai ya fito. Ya rataya waya daga sama yadda za ta iya lilo, bakinta na ƙasa yana taɓa zaibar. Ya haɗa baki ɗaya na batir da saman wayar, ɗayan kuma da zaibar. Nan take wayar ta shiga zagaya maganaɗisun, ba ta tsaya ba muddin batirin na da rai. Amfanin zaiba a nan shi ne, ƙarfe ce mai ruwa-ruwa, lantarki na bi ta cikinta, waya kuma tana iya yawo a ciki ba tare da hanyar wuta ta yanke ba. Aikin da buroshin gawayi ke yi ke nan a cikin moto na yau. Zaiba dai guba ce, shi ya sa malamai yanzu ke nuna wannan gwaji da ruwan gishiri.

Ƙa'idar da ke cikin kofin nan ita ce ke cikin kowane moto. Idan waya mai ɗauke da lantarki ta gicciye layukan ƙarfin maganaɗisu, za a tura ta, kuma turin ba ya bin hanyar lantarkin, ba ya bin hanyar maganaɗisun. Gefe yake yi, yana gicciye su duka biyu. Shekaru da yawa daga baya John Ambrose Fleming ya sauƙaƙa wa ɗalibansa tuna wannan da hannun hagu: a miƙa manuniya ta nuna hanyar maganaɗisu daga kan arewa zuwa kan kudu, yatsan tsakiya ya nuna hanyar lantarki, babban yatsa zai nuna inda wayar za ta nufa. In aka juya hanyar lantarki, turin ya juya. In aka juya maganaɗisun ma haka. In aka juya su duka biyu, turin yana nan yadda yake. Ƙarfin turin kuwa yana ƙaruwa da yawan lantarkin da ke gudana, da ƙarfin maganaɗisun, da tsawon wayar da ke cikin tasirinsa. Wannan ne dalilin da ya sa ake naɗa waya sau ɗaruruwa a cikin moto maimakon a sa guda ɗaya.

Sauran aikin wasu ne suka ƙarasa shi. In aka lanƙwasa waya ta zama naɗi mai gefe biyu a tsakanin kawunan maganaɗisu, lantarki na tafiya ta gefe ɗaya yana dawowa ta ɗayan, saboda haka ana tura wannan sama, wancan ƙasa, naɗin ya juya. Matsalar ita ce, turin yana kai naɗin wani matsayi ne ya tsaya; in ya zarce, sai a jawo shi baya. Maganinta shi ne zobe tsagagge a jikin sandar tsakiya, wanda buroshi biyu ke gogawa, yana sauya hanyar lantarki a cikin naɗin duk rabin zagaye. William Sturgeon, wani ɗan Ingila da ya fara rayuwa da koyon ɗinkin takalma, yana cikin waɗanda suka fara haɗa moto mai irin wannan zobe, a shekarar 1832.

Shi Faraday nasararsa ta 1821 ta kusa jawo masa asarar mutunci. Ya buga sakamakonsa a watan Oktoba cikin gaggawa, bai ambaci yunƙurin Wollaston da Davy ba. Sai raɗe-raɗi ya bazu a Landan cewa yaron Davy ya saci tunanin manya. Ga mutumin da ba shi da digiri, ba shi da dangi masu faɗa-a-ji, ba shi da jari sai gaskiyarsa, wannan zargi ba ƙarami ba ne. A hakika abin da ya gano ya bambanta da abin da Wollaston ya nema: shi Wollaston waya mai murɗa kanta yake nema, Faraday kuwa waya mai zagaya maganaɗisu ya samu. Duk da haka rashin ambaton nasu kuskure ne, kuma ya je ya ba da haƙuri. Wollaston bai riƙe abin a zuci ba, har ya goyi bayan a shigar da shi ƙungiyar masana ta Royal Society. Davy ne, wanda ke shugabancin ƙungiyar, ya yi adawa. An zaɓi Faraday a watan Janairu na 1824, ƙuri'a ɗaya tak ta ƙi shi.

Shekarun da suka biyo baya yawancinsu a kan sinadarai ya yi su. Ya mai da iskar kilorin ruwa a 1823, ya gano sinadarin benzin a 1825, ya kuma ɓata shekaru a kan aikin inganta gilashin madubin hangen nesa da aka ɗora masa, wanda bai haifar da abin da aka so ba. Tambaya ɗaya dai ba ta bar shi ba: tun da lantarki na haifar da maganaɗisu, me zai hana maganaɗisu ya haifar da lantarki? Ya gwada sau da dama bai ga komai ba, domin yana ajiye maganaɗisu kusa da waya ne yana jiran wuta ta gudana.

Ranar 29 ga Agusta, 1831, shekara biyu bayan rasuwar Davy, ya ɗauki zoben ƙarfe mai faɗin inci shida, ya naɗa waya a gefe ɗaya, ya naɗa wata dabam a ɗaya gefen, ya raba su da zare da ƙyalle don kada su taɓa juna. Naɗi na farko ya haɗa da batir, na biyu kuma da waya mai wucewa kusa da allurar maganaɗisu. Da ya haɗa batir, allurar ta zabura, sannan ta koma ta kwanta. Da ya cire, ta sake zabura, amma ta ɗaya gefen. Muddin wuta na gudana daidai a naɗin farko, babu abin da ke faruwa a na biyu. Wani mai binciken zai iya ɗaukar wannan 'yar zabura a matsayin tangarɗar kayan aiki. Faraday ya gane cewa amsar ke nan: sauyin maganaɗisu ne ke haifar da lantarki, zamansa wuri ɗaya ba ya haifar da komai. Ranar 17 ga Oktoba ya cusa sandar maganaɗisu cikin naɗin waya ya zare, allura ta motsa duk lokacin da sandar ke motsi. Kafin watan ya ƙare ya juya faifan jan ƙarfe a tsakanin kawunan wani babban maganaɗisu, ya samu lantarki mai gudana ba yankewa. Zoben nan shi ne kakan taransifoma, faifan kuma kakan janareta. Joseph Henry a Amurka ya gano irin wannan shi kaɗai, amma Faraday ya riga shi bugawa.

Mai koyo yakan ɗauka cewa binciken 1821 na moto ne, na 1831 kuma na janareta. Ba a raba su haka. Da zarar naɗin moto ya fara juyawa, yana yanke layukan maganaɗisu, don haka shi ma ya zama janareta, yana haifar da nasa turin lantarki. Wannan turi, kamar yadda Heinrich Lenz ya bayyana a 1834, kullum yana adawa ne da abin da ya haifar da shi, wato yana tare wutar da ke shigowa. Shi ne ke taƙaita wutar da moto ke ja. A lokacin tashi, moto bai fara juyi ba, babu abin da ke tare wuta sai 'yar turjiyar wayar kanta, sai ya ja ninkin abin da yake ja in ya kama gudu. Shi ya sa fitilun gida kan dusashe na ɗan lokaci in babban famfo ya tashi. In kuma wani abu ya riƙe sandar ta kasa juyawa, ko kaya ya yi masa yawa, ko wuta ta zo ba ƙarfi ya kasa kai gudunsa, wutar mai yawa za ta ci gaba da shiga, naɗin ya yi zafi, rufin wayar ya narke, moto ya ƙone. Wanda ya sake naɗa irin wannan moto bai nemi abin da ya hana shi gudu ba, zai sake naɗa shi.

Faraday bai iya lissafi mai zurfi ba, kuma wannan ya sa ya riƙa tunani da abin da ido ke gani. Yakan barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda, ya sa maganaɗisu a ƙasa, ya ga garin ya jeru layi-layi daga kai ɗaya zuwa ɗayan. Ya yi imani cewa layukan nan wani abu ne na gaske da ke cike sararin da ke kewaye da maganaɗisu. Masana lissafi da yawa na zamaninsa sun ɗauki wannan a matsayin tunanin wanda bai yi makaranta ba. Sai da James Clerk Maxwell, wanda aka haifa a shekarar da aka yi gwajin zobe, ya fara zuba layukan cikin lissafi a 1855, sannan aka ga cewa ɗan maƙerin ya hango daidai.

Bai yi rajistar mallakar ko ɗaya daga cikin abubuwan nan biyu ba. Hasali ma bayan 1831 ya rage aikin ba 'yan kasuwa shawara, wanda ke kawo masa kuɗi fiye da albashinsa, don ya samu lokacin bincike. Ya tsara dokokin yadda lantarki ke rarraba sinadarai. Daga 1836 ya zama mai ba hukumar fitilun gaɓar teku ta Ingila shawara, aikin da ya riƙe kusan shekara 30. A 1844 gwamnati ta tura shi binciken fashewar mahaƙar kwal ta Haswell, inda mutum 95 suka mutu. Ya yi laccocin Kirsimeti na yara har sau 19. Da aka nemi taimakonsa wajen haɗa iska mai guba lokacin yaƙin Crimea, ya ƙi. Shugabancin Royal Society ma da aka yi masa tayi, ya ƙi. Tun daga 1839, lokacin da rashin lafiya ya tilasta masa dogon hutu, mantuwa ta riƙa damunsa, tana ƙaruwa da shekaru, har ya zama sai ya dogara da littattafan da yake rubuta kowane gwaji a ciki da lamba. A 1858 Sarauniya Victoria ta ba shi gida a Hampton Court. A nan ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75, aka binne shi a maƙabartar Highgate.

Har ya rasu moto bai zama kayan aikin yau da kullum ba. Moritz von Jacobi ya tuƙa kwalekwale da shi a kogin Neva na Rasha a 1838, Thomas Davenport, wani maƙeri a Amurka, ya yi rajistar nasa a 1837, amma duk da batir suke aiki, tutiyar da batir ke ci kuwa ta fi kwal tsada nesa ba kusa ba. Sai da aka samu janareta mai inganci, irin wanda Zenobe Gramme ya fito da shi a 1871, sannan moto ya samu wuta mai araha.

Moton da ya fi yawa a masana'antu yau an ƙirƙiro shi ne kimanin shekara 20 bayan rasuwar Faraday, ta hannun Galileo Ferraris a Italiya, da Nikola Tesla a Amurka, da Mikhail Dolivo-Dobrovolsky a Jamus. Ba shi da buroshi, kuma babu wayar da ke kai wuta ɓangaren da ke juyawa. Wuta mai layi uku tana shiga naɗe-naɗen da ke jikin gangar, kowane layi yana kai ƙololuwarsa bayan ɗan'uwansa, sai maganaɗisun da suke haifarwa ya riƙa zagayawa alhali ƙarfen yana tsaye. Wannan maganaɗisu mai zagaye yana yanke sandunan alminiyam ko jan ƙarfe da ke jikin ɓangaren tsakiya, ya haifar da lantarki a cikinsu bisa ƙa'idar 1831. Sandunan kuma, da yake yanzu suna ɗauke da lantarki a cikin maganaɗisu, sai a tura su bisa ƙa'idar 1821. Dole ne ɓangaren tsakiya ya ɗan gaza maganaɗisun gudu, domin in suka yi daidai babu sauran yankan layuka, babu lantarki, babu turi. A wutar Najeriya, mai sauya hanya zagaye 50 a daƙiƙa, maganaɗisun moto mai kai huɗu yana juyi 1,500 a minti, amma a kan farantin da ke jikin moton abin da ake gani bai kai haka ba, wajen 1,440 ne. In aka musanya biyu daga cikin layukan uku, moto ya koma juyi baya.

Wutar gida layi ɗaya ce, ita kaɗai ba ta iya haifar da maganaɗisu mai zagaye. Shi ya sa ake sa wa fanka naɗi na biyu da kafasita, wadda ke sa wutar wannan naɗi ta riga ta ɗayan kaɗan. In kafasitar ta mutu, fanka sai ta tsaya tana gurnani har a tura ta da hannu. Ma'aunin da ake auna kafasita da shi sunansa farad, daga sunan Faraday, kuma taron masana lantarki na duniya da aka yi a Paris a 1881 ne ya tabbatar da shi. Farad guda yana da girma ƙwarai, don haka lambar da ke rubuce a jikin kafasitar fanka da kashi ɗaya cikin miliyan na farad ake ƙirga ta.